Yadda Ake Yi wa Motar Ɗaukar Dawaki Lasisi da Gwajin Shekara a Birtaniya

A Birtaniya, nauyi ne yake yanke wa motar ɗaukar dawaki hukunci. Kafin a yi maganar lasisi ko gwaji, ana fara duba farantin da ke manne a jikin motar, inda aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai bayan an yi mata lodi. Cikin wannan lissafi har da man da ke tanki, da direba, da dawakin, da ruwan shansu, da ingirici, da sirdi da linzami. Iyakoki biyu ne suka raba motocin: kilo 3,500 da kilo 7,500.

Lasisin tuƙi shi ne matakin farko, kuma hukumar DVLA da ke Swansea a yankin Wales ce take bayar da shi. Mai lasisin ƙaramar mota, wato rukunin B, yana iya tuƙa wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba. Daga nan zuwa 7,500 sai da rukunin C1, wanda ake samu bayan likita ya duba lafiyar mutum da ganinsa, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Waɗanda suka ci jarrabawar ƙaramar mota kafin 1 ga Janairun 1997 galibi suna da wannan izini tun asali. Abin da ya haura 7,500 kuwa sai mai rukunin C.

Daga nan sai a tantance dalilin jigilar. Wanda yake kai dokinsa filin sukuwa don sha'awa kawai ba ya buƙatar lasisin sufuri. Amma idan motar ta wuce kilo 3,500 kuma ana ɗaukar dawaki da ita don kuɗi ko don wata sana'a, dole a nemi lasisin sufuri daga kwamishinonin zirga-zirga. Mai jigilar dabbobi don kasuwanci a tafiyar da ta wuce kilomita 65 yana kuma buƙatar izini daga hukumar lafiyar dabbobi ta APHA. Kowane doki yana tafiya da fasfo ɗinsa.

Gwajin lafiyar motar ma nauyi yake bi. Ƙaramar mota, wato wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba, tana zuwa gwajin MOT a gareji mai izini, karon farko idan ta cika shekara 3 da rajista, daga nan kowace shekara. Babbar kuwa tun tana shekara 1 ake fara gwada ta, kuma jami'an hukumar DVSA ne suke yin gwajin a cibiyoyin da aka amince da su. Mai mota yakan kama rana tun da wuri, ya kai ta wurin bakanike a share fage, ya wanke ƙarƙashinta domin kada laka ta ɓoye tsatsa. Ba a zuwa da doki.

A ranar gwaji, jami'i yana gwada lambobin farantin da na takardu, ya duba fitilu, madubai, gilashi da hon. Ana hawa da motar kan rami, jami'in ya shiga ƙasa ya duba sitiyari, sifirin, bututun birki da ƙashin motar. Ana ɗora tayoyin kan wasu naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa a auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, a kuma auna hayaƙi. Zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1 a babbar mota ba, ko 1.6 a ƙarama. Tun 1 ga Fabrairun 2021 an haramta sa tayar da ta haura shekara 10 a ƙafafun gaba na manyan motoci. Wannan doka takan kama motocin dawaki, domin sukan yi watanni a ajiye: zanen tayar yana nan kamar sabo, amma robar ta tsufa ta tsattsage. Motar da ta faɗi sai a gyara ta a sake kawowa.

Takardar cin gwaji ba ta nufin doki ya tsira. Jami'i ba ya kwance komai a jikin mota, alhali fitsarin doki yana ratsa tabarmar roba ya ruɓar da katako ko ya ci ƙarfen daɓen a ɓoye. Dabbar da ta kai kilo 500 tana tsaye ne a kan kofato huɗu, kuma daɓen da ya ɓurma ana cikin gudu yana iya karya mata ƙafa. Saboda haka wajibi ne mai mota ya riƙa ɗaga tabarmar da kansa, ya caka daɓen daga sama da ƙasa, ya duba gangaren hawa da ƙarafan da ke raba dawaki.

Haka ma lodi. Yawancin motocin kilo 3,500 suna da gurbin doki biyu, amma abin da za su iya ɗauka bisa doka sau da yawa bai isa manyan dawaki biyu da mutane da kaya ba. Ana gane gaskiyar ne a sikelin auna motoci: a auna ta babu kaya, a debe abin da aka samu daga lambar da ke kan faranti, ragowar shi ne iyakar abin da za a loda mata.