Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawarwari ga Gidaje Kan Zaman Annoba

Daren Lahadi, 29 ga Maris 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi cewa za a rufe Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona. Ƙarfe 11 na daren Litinin doka ta fara aiki a Legas da Abuja, wato yini guda kacal aka ba mutane su kintsa. A Kano an tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 11 ga Afrilu, ranar 16 ga wata kuma aka kulle jihar, saura mako guda a ɗauki azumi. Kwana bakwai aka ce da farko, amma sai farkon Yuli aka ɗage dokar gaba ɗaya. Gidaje da yawa ba wanda ya kwanta ciwo a cikinsu, amma kusan babu gidan da tukunyarsa ba ta ji a jikinta ba. Wata annobar za ta sake zuwa, ko da wace irin ƙwayar cuta ce, kuma sanarwar kulle ba za ta fi waccan tsawo ba. Shirin da zai yi amfani shi ne wanda aka yi tun ana zaune lafiya.

1. A tara abincin mako biyu, kaɗan-kaɗan. Mai abin hannu ba ya buƙatar wannan shawara, sito ɗinsa a cike yake. Maganar ta mai fita kullum ce, wanda sai ya dawo da yamma ake ɗora sanwa. Shi ba zai iya sayen buhu ba, amma zai iya ƙara rabin kwano a kan cefanen mako, uwargida ta ware shi gefe kamar babu shi. Lokacin kaka ya fi dacewa, sa'ad da gero da dawa da masara da wake suke araha. A haɗa da abin da ba ya lalacewa kuma yake tayar da miya ko ba a je kasuwa ba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, barkono, gishiri, manja ko man gyaɗa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli suna rufa asiri ranar da babu makamashi, shi ya sa gawayi ko itace da ashana ma suna cikin lissafi. Wake a zuba shi a jarka mai murfi a toshe sosai, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, iska ta kasa shiga, ƙwari su mutu da kansu. Kada a kuskura a barbaɗa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, guba ce za a ci daga baya. A rufe hatsi daga ɓera kuma, don ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa yake shiga gida. Duk wata biyu ko uku a ci tsohon a mayar da sabo.

Amfanin wannan ajiya ya wuce maganin yunwa. Da aka fara sassauta doka a Kano, ranakun Litinin da Alhamis aka ware na 'yan sa'o'i don a fita cefane. Duk gari ya afka kasuwa lokaci guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, farashi ya haura. Cunkoson da aka kulle gari don a hana, shi aka tattara a yini biyu. Wanda yake da abin dafawa a gida bai shiga wannan turmutsitsi ba.

2. Kuɗi a raba su gida biyu, tsaba a hannu da kuma na asusu. A zaman kulle rassan banki da dama a rufe suke, na'urar cirar kuɗi kuma layi ne har titi. Mai shagon unguwa da ɗan ga-ruwa tsaba suka sani. Amma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna ɗaya fuskar, ranar da mai tiransifa ya ci abinci mai jiran tsaba ya kwana da yunwa. Saboda haka uwargida ma ta mallaki asusunta, ta iya tura kuɗi da wayarta ba sai maigida yana nan ba. Masu adashe su yi magana tun yanzu: idan kasuwa ta tsaya, za a dakatar da zubi ne ko za a rage shi, kuma wa za a ba kwasa? Adashe da yawa sun watse a 2020 ba don rashin amana ba, sai don ba a taɓa tattauna wannan ba.

3. Kada abincin gida gaba ɗaya ya rataya a ƙafar mutum ɗaya da sana'a ɗaya. Annoba ba ta taɓa sana'o'i daidai wa daida. Ɗan adaidaita sahu da kwandasta da mai ɗaukar hoto a biki da mai abincin tasha da malamin makarantar kuɗi, su ne suka fara faɗuwa, domin dukansu taron jama'a suke ci. Malaman makarantu masu zaman kansu da yawa sun yi watanni babu albashi. 'Yan kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari na Kano masu sarin kaya daga Sin tun kafin cutar ta iso Najeriya suka fara ji a jikinsu, don masana'antun can sun rufe tun farkon shekara. Ma'aikacin gwamnati ma da ake ganin ya tsira, darajar albashinsa ce ta zaizaye: gangar ɗanyen mai ta faɗo ƙasa da dala 20 a Afrilu, alhali a kan dala 57 aka gina kasafin shekarar, Babban Banki ya rage darajar naira, tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na 2020. Gidan da ke jiran aike daga ɗa ko ƙani a Turai ko Saudiyya shi ma bai kuɓuta ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suka turo gida ya ragu da kusan kashi 28 cikin ɗari a shekarar.

Waɗanda suka ɗan numfasa su ne masu abin yi daga cikin gida kuma maƙwabta ke buƙatarsa kullum. Tela ya koma ɗinkin takunkumi. Mai injin markaɗe, mai haɗa sabulun ruwa, mai ƙosai da awara, mai 'yan kaji da awaki a bayan ɗaki, duk ba su rasa ɗan abin shiga ba. A ganina sana'ar hannun matan gida, wadda wasu maza ke yi wa kallon wasa, ita ce ta riƙe gidaje masu yawa a wancan azumi. Maigidan da ya ba matarsa jari yau, kansa ya yi wa tanadi.

4. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ko sikila, da mai shan maganin tarin fuka ko na HIV, ya yi ƙoƙari kullum a ce yana da na wata guda a gaba. A rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa a takarda, a ajiye lambar wani likita ko ma'aikacin jinya da aka sani. A Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano har masu haƙar kabari suka koka, asibitoci masu zaman kansu da dama sun daina karɓar marasa lafiya don tsoro, dattawa masu tsofaffin cututtuka suka rasa inda za su. Mai ciki kada ta bar awo, yara kada a tsallake musu rigakafi. Ƙyanda da mashaƙo ba sa jiran korona ta wuce, kuma Kano ta ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran da ba a yi wa allura ba a 2023.

5. Game da tafiya, a riƙa sauraron labarin nesa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ƙarshen Fabrairu 2020, a ranar da Najeriya ta tabbatar da mutum na farko a Legas. Ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jirgin Najeriya ga jiragen ƙasashen waje, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Zirga-zirga tsakanin jihohi ta tsaya har zuwa 1 ga Yuli. A Nijar an killace Yamai, ba shiga ba fita. Hajjin 2020 da na 2021 babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga ƙasashenmu. Saboda haka da an fara jin ƙasashe suna rufe ƙofa, ɗan ci-rani da ɗalibi da fatake su yanke shawara da wuri: ko a koma gida tun hanya tana buɗe, ko a zauna inda ake da guzurin zama. Mai yaro a makarantar allo a wani gari ya je ya ɗauko abinsa da kansa. An ga yadda aka riƙa loda almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu suka isa da cutar a jikinsu.

Idan kuwa an riga an rufe, a haƙura. Bin hanyar daji da dare ko ɓuya a bayan motar kaya yana kai cuta ƙauyen da ko ɗakin shan magani babu. Hadisi ma ya hana shiga garin da annoba take, ya hana wanda ke ciki fita don gudu, kuma a kan haka Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. Matasa a ja musu kunne kan gardama a shingen jami'an tsaro: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'ai sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

6. A tsara tun yanzu ɗakin da za a kwantar da wanda ya kamu. A gidan yawa ko gidan haya wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ko labule aka raba ɗaki da shi ya fi babu. Mutum ɗaya mai ƙarfin jiki ya yi jinya, ba tsohuwa ba, ba mai ciki ba. Kwano da kofi da buta a ware wa majinyaci nasa. Cutar da ke bin numfashi, kamar korona da mura, ɗaki rufaffe take so, don haka a buɗe taga, a sa takunkumi, hira a yi ta a tsakar gida. Wadda ke bin jini da amai da gudawa, kamar Ebola da Lassa, ba a jinyarta a gida sam, kuma ba a taɓa gawar sai jami'an lafiya. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 yana buƙatar ruwa, to a tanadi randa ko duro. Da an ga numfashi yana sarƙewa, ko ƙirji yana ciwo, ko mutum ya fara rikicewa, a nufi asibiti, kada a tsaya jiran gari ya waye. Lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232.

7. Saƙon WhatsApp ba likita ba ne. A 2014, lokacin Ebola, cikin dare ɗaya aka yaɗa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka mutu, wasu aka kwantar da su. A Maris 2020 an kai mutane asibiti a Legas bayan sun ɗirki kulorokwin. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa yi wa bairos komai. A tsayar da tasha ɗaya ko biyu ta rediyo da aka yarda da ita, a ajiye batir. Waɗanda suka bi titi suna ihun babu korona da waɗanda suka firgita har suka guji gaisa maƙwabci ta katanga, duk labarin kanzon kurege ne ya ɗebe su.

8. A 2020 yara sun yi kusan rabin shekara a gida, an ɗage jarrabawar WAEC zuwa Agusta, ɗaliban jami'a kuma yajin aikin ASUU ya haɗu musu da annoba har Disamba. Jihohi da dama sun sa darussa a rediyo da talabijin. A tsayar da sa'a ɗaya da safe ta boko, ɗaya da yamma ta allo, babba ya koya wa ƙarami. Yarinyar da aka ɗora wa talla "kafin a koma" ita ce ta fi yawan rashin komawa.

9. Biki da suna a rage su tun kafin hukuma ta tilasta. Ɗaurin aure waliyyai da shaidu da sadaki yake buƙata, kuɗin taro kuma ya zama jarin amarya. Ta'aziyya ta waya ba yanke zumunci ba ce a irin wannan lokaci. Dattijo mai ciwo da ya yi salla a gida yana da uzurin da malamai suka san da shi.

10. Kada a gina lissafin gida a kan tallafin gwamnati. Kayan abincin da aka tara da sunan talakawa a 2020, da yawansu a rumbunan ajiya suka zauna har Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa su a Legas da Jos da wasu garuruwa. Rancen korona da Babban Banki ya fitar ta bankin NIRSAL, mutane da dama sun karɓa a zaton kyauta ce, sai daga baya suka ga ana zare musu kuɗi daga asusu. Duk takardar da aka miƙo, a tambaya ƙarara ko bashi ne, da kuɗin ruwansa da ranar biya, kuma kada a ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin kati don ya yi alkawarin sa suna a jerin masu tallafi. Abin da ya kai ga mabuƙata a kan lokaci shi ne na unguwa: kwamitin masallaci ko coci da mai unguwa da suka san gidan marayu, da gidan bazawara, da tsohon da 'ya'yansa suka maƙale a Kudu. Irin wannan jerin sunaye a rubuta shi yanzu, a san wa zai tara hatsi, wa zai raba, da gidan da za a kai wa bayan magariba saboda maigidan ba zai iya fitowa ya karɓa a gaban mutane ba.