Kada Mu Gaji da Sake Shuka

'Yan'uwa, idan ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya bushe, manomin Dosara ba ya barin gonarsa. Ya kan jira wani ruwa, ya sake shuka. Haka bangaskiya ta ke.

A 1893 Gowans da Kent da Bingham suka sauka Ikko domin su kawo Bishara ƙasarmu. A 1894 biyu na fari suka mutu, daga baya Bingham ya koma gida. Ya dawo a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 aka kafa tashar Mishan a Pategi. Da ya fid da zuciya fa?

Kai wanda tsoron 'yan bindiga ya sanyaya maka gwiwa, karanta Yaƙub 5:7-8. Kada ka bar addu'a da 'yan'uwa, ko ku biyu ne.