DARASIN FIƘIHU: IDAN WA'ADIN DILLALI YA CIKA BAI SAYAR BA, WANI ZAI IYA SHIGA?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi dillancin gida da fili da gona. Kada ka ce wannan zancen manya ne. Mu nan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san abin da rashin tsaro ya jawo. Ba mu manta da sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu, wasu sun koma cikin gari, wasu sun wuce Funtuwa, aka bar gidaje da gonaki a hannun dillalai. Mai saye kuwa ya yi ƙaranci. Sai ka ga an ba dillali gida, wa'adi ya cika bai sayar ba, wani dillalin ya ji labari ya nufi maigidan. To, ya halatta ya yi haka? Amsa ita ce ya halatta, amma da sharuɗɗa.

DILLANCI HALAL NE

Ka sani, Allah ya yi maka rahama, dillanci sana'a ce ta halal. Larabawa suna kiran dillali simsar. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci a cikin Sahihinsa, ya ambaci magabata irin su Ibnu Sirina da Aɗa'u da Hasanul Basari cewa ba su ga laifinsa ba. Saboda haka la'ada haƙƙi ce, ba roƙo ba.

IRIN ALKAWARI BIYU

Kafin a ce wa'adi ya cika, sai an san wane irin alkawari aka ƙulla. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bambance iri biyu.

Na farko ijara, wato ɗaukar mutum aiki na kwanaki sanannu a kan lada sananne. Mu ɗauka an ɗauki dillali kwana 30 a kan Naira 30,000 ya nemo mai saye. Idan kwanakin suka cika ya yi ƙoƙarinsa bai sayar ba, ladansa cikakke ya wajaba. Idan ya sayar a kwana na 15, rabin lada ke nan.

Na biyu ji'ala, wato a ce masa in ka sayar kana da kaza. A nan ba shi da ko kwabo sai ya sayar. Asalin ji'ala a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanka mata lokaci, sai fa idan an sharɗanta cewa dillalin yana iya barin aikin duk sa'ad da ya so, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu. Kuma da zarar dillali ya fara aiki, mai kaya ba shi da ikon korarsa haka kawai.

Kun ga ke nan yawancin rigimarmu daga nan take tasowa. Maigida ya ce da baki "na ba ka wata guda", babu shaida, babu rubutu, ba a faɗi la'ada nawa ba. Ranar da aka sayar sai a ji kowa da nasa lissafin.

SHARUƊƊA GA DILLALI NA BIYU

1. Ya tabbatar alkawarin farko ya ƙare. Kada ya dogara da jita-jitar majalisa. Ya tambayi mai kaya, in da hali ya tambayi dillalin farko ko shugaban dillalan wurin.

2. Ya tabbatar babu ciniki a ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ko ya yi tayi a kan tayinsa. Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa hanin yana farawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna, ba a farkon tayi ba. Idan an taya maigida ya ce albarka, ƙofa a buɗe take. Amma idan ya kusa sallamawa, balle an ba da kafin alƙalami, to, sai a ja da baya ko da wa'adin ya cika jiya.

3. Kada ya ɓata ɗan'uwansa. Cewa "ai wane ba ya da jama'a" ko "yana cin kuɗin mutane" gulma ce, in kuma ƙarya ce ta zama ƙazafi. Ya faɗi abin da shi zai iya, ya tsaya nan.

4. Kada ya ƙirƙiro mai saye. Wasu sukan ce "ina da Alhaji daga Kano da kuɗi a hannu" alhali babu kowa. Wasu kuma su turo abokinsu ya taya da tsada ba da niyyar saye ba. Wannan na biyun shi ne najashi, kuma an hana shi.

5. Kada ya kewaye da mai sayen da na farko ya kawo. Idan dillalin farko ne ya sha rana ya nuna wa mutum gidan, sai aka jira wa'adi ya wuce aka ƙulla ciniki a bayan idonsa don a tsere wa la'ada, wannan dabara ce ta cin haƙƙi. Wanda aka amfana da wahalarsa yana da rabo.

6. Kada ya ci da gajiyar mai kaya. Wanda ya baro ƙauyensa da yara ba shi da ƙarfin jayayya. Tsorata shi da cewa "gobe ko kyauta ba mai karɓa" don ya karyar da kuɗi, sannan dillali ya saye wa kansa a ɓoye, cin amana ne.

7. In an ce a'a, ya haƙura. Ba a zarya ƙofar gidan mutum, ba a damunsa da waya cikin dare, ba a bi ta wajen matansa ko 'ya'yansa.

Abin sha'awa, ko a Amurka ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wadda ta kafa ƙa'idojin sana'arta tun 1913, ta hana membobinta farautar gidan da ke ƙarƙashin keɓantaccen alkawarin wani dillali har sai ya ƙare. Abin da suka gano da gwaji, mu muna karanta shi a zaure.

NASIHA GA IYAYE

Ya ku iyayenmu, in za ku ba da gida ko gona, ku rubuta: wane irin alkawari, kwana nawa, la'ada nawa, a gaban shaidu biyu, da sanin mai unguwa ko dagaci. In wa'adi ya cika, ku sallami na farko baki da baki kafin ku karɓi na biyu. In kayan gado ne, sai da yardar dukan magada, har mata, kuma a kiyaye rabon marayu. Ku tuna kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallaka ta gwamna ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna. Kai kuma ɗalibi, tun da ka iya rubutu da boko ko da ajami, kai ne magatakardan gidanku.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin ijara da ji'ala?
2. Yaushe ne shiga tayin wani yake zama haramun?
3. Mene ne najashi?

Ka karanta wa mahaifinka wannan darasi bayan sallar Isha'i, ka kawo amsoshinka ranar Asabar. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Allah shi ne mafi sani.