Ramin Makunni Ya Zo da Kusurwa a Lanƙwashe: Cutata Aka Yi?

Injiniya,

Ni mai gyaran rediyo da caja da kayan sola ne a nan Dakoro. Yawancin masu kawo mini aiki masu cajin waya ne na ƙauyuka, daga wajen Kornaka da Birnin Lalle da rugagen arewa, inda babu kuran sai fanno da batir. Akwatunan cajinsu wayoyi ne a cukurkuɗe, yau wannan ta tsinke, gobe waccan ta haɗu ta ƙone. Shi ya sa na dage na koyi KiCad a kwamfutar wani abokina, na zana allon lantarki da zai karɓi volt 12 daga batir ya raba volt 5 ga bakunan USB. Na yi dabara allon ya zama shi ne fuskar akwatin. Na bar ramin makunni mai kusurwa huɗu, milimita 19 da 13, da ramin ma'aunin batir, milimita 45 da 26, daidai yadda na auna su.

Na aika aikin wani kamfani a Sin. Kaya suka biyo ta hannun wani ɗan kasuwa zuwa Maradi, kuɗin jigila ma ya fi na allunan. Da na kwance sai jikina ya yi sanyi. Ramukan suna nan, amma duk kusurwoyinsu a lanƙwashe, makunni ya ƙi shiga, ma'auni ya ƙi shiga. Ga kuma jakin shigar wuta mai ƙafafu masu faɗi: na jera ƙananan huji suna hawan juna don su zama tsaga, sai ga huji ɗaya ɗaya zagayayye. Na rubuta musu, suka amsa a taƙaice wai haka injinsu yake. Abokaina sun ce raina ni aka yi don odata ƙarama ce.

Injiniya, cutata aka yi? Allunan nan za su cetu? Sannan a na gaba ina so in sa rile da zai karɓi wutar kamfanin NIGELEC idan akwai. Nakan ga tsaga a allon caja tsakanin ɓangarori biyu, mene ne amfaninta?

Naka,
Mai gyaran lantarki, Dakoro

Ƙanena,

Sannu da ƙoƙari. Ba a cuce ka ba, ba a kuma raina ka ba. Da kamfanin da ya fi kowane girma a duniya ne ya aika zanen nan naka, abin da zai samu ke nan.

Ga dalili. Injin da ke yanka allo ba shi da kurfi irin na kafinta da zai sassaƙe kusurwa ta fito tsaf. Bakinsa zagayayyen ƙarfe ne mai haƙora a gefe, yana juyawa da gudu yana cin allon a kaikaice. Idan yana bin gefen allo ta waje, zai iya fitar da kusurwa mai kaifi, domin yana da filin wucewa ya dawo. A cikin rami kuwa babu wannan fili. Yana isa lungu sai ya juya, ya bar lanƙwasa daidai da rabin kaurinsa. Bakin da aka fi aiki da shi kaurinsa wajen milimita 2 ne, ka ga lanƙwasar milimita 1 ke nan a kowane lungu. Akwai ƙananan baki, na milimita 1 har 0.8, amma suna saurin karyewa, tafiyarsu a hankali, kuma su ma lanƙwasar suke bari, ƙarama dai.

To ka ga ramin da ka auna daidai wa daida ba zai taɓa karɓar abu mai kusurwa ba. Mafita biyu ce, kuma kowane rami da wadda ta dace da shi.

Ta farko, ka faɗaɗa ramin. Lissafin ba shi da wuya: abu mai kusurwa yana kuɓuce wa lanƙwasa idan ka ƙara kusan kashi uku cikin goma na lanƙwasar a kowane gefe. Ga baki mai milimita 2, ƙarin 0.3 ke nan. Sai ka tuna injin kansa yakan yi kuskuren wajen 0.2 ko sama ko ƙasa, don haka ka bar 0.5 a kowane gefe. Wannan ya ishe ka a ramin ma'aunin batir, tunda leɓensa mai faɗi ne, zai rufe ratar.

Makunni kuwa ban ba ka wannan shawara ba. Ƙananan kunnuwan roba ne ke riƙe shi a gefe, kuma ana danna shi safe da yamma. Ka faɗaɗa ramin, bayan 'yan watanni ya fara rawa, wata rana ya faɗo a hannun yaro. Shi sai dabara ta biyu: ka bar gefuna a matse, ƙarin 0.1 ko 0.2 kawai, sannan ka zana ɗan zagaye a kowane lungu, yadda bakin yanka zai ɗan kutsa waje ya cinye wurin da kusurwar makunnin za ta zauna. Ramin zai fito kamar mai kunnuwa huɗu. Kada munin ya dame ka, abin da ya fita bai wuce 0.3 ba, leɓen makunni zai ɓoye shi. Faɗin zagayen kada ya gaza kaurin bakin da kamfanin ke amfani da shi. Yawancin kamfanoni suna da shafi a intanet da ya jera iyakar abin da injinsu ke iyawa. Ka karanta shi kafin ka ja layi ɗaya, ya fi maka duk wata wasiƙar ƙorafi.

Waɗannan ramuka duka a shafin Edge.Cuts ake zana su, inda ka zana gefen allon. Layin ya rufe ruf, ƙarshensa ya haɗu da farkonsa, domin ko ratar da ido ba ya gani tana iya sa a ƙi yanka. Ka janye hanyoyin jan ƙarfe daga bakin rami aƙalla 0.5. Kuma kada ka matso da rami kusa da gefen allo har abin da ya rage ya zama siriri. Allon kaurinsa milimita 1.6 ne kawai, ka bar masa milimita 3 ko fiye a inda za a riƙa dannawa.

Maganar jakin wuta daban take, kuma a nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe. Siririn bakin huji idan ya sauka rabinsa a kan allo rabinsa a kan ramin da aka riga aka huda, sai ya goce ya karye. Shi ya sa masana'anta kan share hujin da ke hawan juna, ko su dakatar da aikin su tambaya. Su ma da huji a jere sukan yi ƙananan tsaga, amma da baki na musamman da tsarin da injin ya sani, kuma sai fayil ɗin huji ya gaya musu cewa tsaga ake so. Kada kuma ka ce bari ka zana ta a Edge.Cuts. Hujin ƙafafu tun farko ake yin su, sannan a tsoma allon a lulluɓe bangon hujin da jan ƙarfe. Yankan gefe da manyan ramuka sai a ƙarshe, bangonsu tsirara yake fitowa. Jakin da za a cusa wa waya a zare kullum, idan dalma ba ta kama bangon ciki ba, ba zai kai damina ba ya fara motsi. Abin yi shi ne a wurin zana ƙafar ka zaɓi huji mai tsawo maimakon zagayayye, ka ba shi faɗi da tsawo, misali milimita 1 da 3.5 idan ƙafar 0.8 da 3 ce, kuma tsawon ya ninka faɗin aƙalla sau biyu. Mafi sauƙi, ma'ajiyar KiCad tana da zanen jakin nan a shirye.

Allunan da ke hannunka za su cetu, kada ka zubar. Nemi ƙaramin magagari mai kusurwa huɗu, irin na maƙeran azurfa, ka goge lungunan a hankali kana gwada makunnin. Ka fara ɗaga allon ga haske ka tabbata babu hanyar jan ƙarfe kusa da lungun. Garin da ke fita zaren gilashi ne da ƙaro, yana sa ƙaiƙayi kuma ba ya yi wa huhu kyau. Ka jiƙa wurin da ɗan ruwa, ka rufe hanci, ka yi a waje nesa da yara. Jakin kuwa bar shi, kada ka tsaya faɗaɗa huji har ka kwaye jan ƙarfen. Sayi irin mai goro da ake ɗaurewa a jikin akwati, ka jawo gajerun wayoyi biyu ka liƙa a hujin da suka zo. Wannan ma ya fi ƙarko ga aikin ƙauye.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tsagar da kake gani a caja shinge ce tsakanin volt 220 da ɓangaren da hannu ke taɓawa. Wuta takan yi rarrafe a kan fuskar allo idan datti da laima sun kwanta, ta ƙona hanya baƙa ƙirin har ta isa ɗaya gefen. Tsaga tana katse wannan hanya, dole sai an kewaya. Ku da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka rufe, damina ta zo ta jiƙa ta, kun fi kowa buƙatarta. Ƙa'idar IEC 60664 ba ta lissafa tsagar da ta gaza milimita 1 a wuri mai ɗan datti, a wuri mai ƙura sosai kuwa sai 1.5. Kai ka yi 2, ba tare da jan ƙarfe a bangonta ba, kuma ka bar tazarar milimita 8 tsakanin ɓangarorin biyu. Ka sani tsaga ba ta ƙara nisan da ke cikin iska; idan ƙafafu biyu sun yi kusa, suna nan kusa ko da rami a tsakani.

Amma fa wutar NIGELEC kada ta hau allon da ya zama fuskar akwati. Wannan ban yarda ba ko kaɗan. Fuskar nan kowa na taɓa ta, da mai jiƙaƙƙen hannu da yaron da aka aiko karɓar waya, kuma koren fentin da ke kan allo ba kariya ba ne. Rile da duk abin da ya shafi 220 su zauna a allo na daban can cikin akwati, da fis ɗinsu.

Kafin ka sake biyan ko dala, je wurin masu buga takarda ka fitar da zanen a ainihin girmansa, ka manna a kwali, ka yanke ramukan da reza, ka cusa makunni da ma'auni ka gani. Sannan ka buɗe fayilolin Gerber da na huji a GerbView, domin abin da ka gani a nan shi masana'anta za ta gani, ba abin da ke zuciyarka ba. Ka haɗa da gajeren bayani a odar: ramuka nawa ne, wanne ke da jan ƙarfe a ciki, wanne babu. Idan allon na biyu ya iso Dakoro, ka aiko mana da hotonsa gaba da baya, masu karatu su ma su gani.