In an tare ka a hanya da dare

Kaki da tocila ba su isa shaidar cewa mutum ɗan sanda ne ba, tela ma yana ɗinka kakin. In an ɗaga maka hannu a wurin da babu motar sintiri, kada ka fizgi mota da gudu, ana harbi a kan haka. Rage gudu, ka kunna fitilar cikin mota, ka sauke gilashi kaɗan. Duba sunan da ke ƙirjin wanda ya tare ka, ka tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, daga wane ofishi?" In ya ce buɗe wayarka ko ku je wajen mai POS, ce masa gara ku tafi caji ofis. Mai bindiga kuwa ba a gardama da shi. In suna da mota, haddace lambarta, da ka samu sarari ka kira lambar gaggawa 112.