Wasiƙar Nasiha ga Matasan Kura da Bunkure

Ya ku 'ya'yana, ina so ku yi nazari a kan wani al'amari mai ɗaure kai, wato yadda ƙasar da Allah Ya hore wa ruwa rani da damina, tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta har filayen Kadawa, ta wayi gari mafi yawan masu duƙawa a cikinta ba sa kai wata kaka sai da bashi a wuya.

Musabbabin wannan bai ɓuya ga mai basira ba. Manomin da ya ci bashin iri da taki tilas ya sayar da shinkafarsa ranar da aka sussuke ta, lokacin da ta fi araha. Wanda kuwa ya kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan shi kaɗai, alhali dillali ya san kwando ba ya jure kwana, to, ba ciniki ya je ba, roƙo ya je. Sa'ad da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016 an yi zaton wahala ta ƙare, sai ga tsutsa ta cinye gonaki a shekarar, aiki kuma ya riƙa tsayawa. Ragowar asarar takan sauka a kan wanda ba shi da bakin magana: ɗan ƙwadagon da ke dashe cikin taɓo, da matan da ke turara shinkafa, waɗanda mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka zartar a 2024 bai taɓa leƙa gidajensu ba.

Don haka nake muku wasiyya da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin inganta noman rani na TRIMING tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Na san kuna raina su, kuna cewa taron tsofaffi ne, kuma ba ku rasa hujja ba, gama mun sha ganin ƙungiyar da ake haifa ran da aka ji labarin rabon taki, ta rasu ran da aka gama. Amma ku da Allah Ya ba ilmin lissafi, wajibi ne ku karɓi littafin kuɗi, ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ku karanta shi a bainar jama'a, domin zato shi ke kashe zumunta, amanar da ba a yi mata hisabi kuwa ba ta daɗewa. Ku fito gayyar yashe magudanai da sare kacala, ku tsaya wa mai gonar ƙarshen layi har ruwa ya iso masa, ku haɗa amfaninku ku sayar da baki ɗaya.

Abin da ya fi nauyi shi ne ku ba 'yan ƙwadago da mata wurin zama a shawara, ko da iyayenku sun ɓata rai. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa a san lada kafin a fara aiki. Ku sa ƙungiya ta yanke kuɗin dashe da na yanka tun ba a saki ruwa ba, a biya kowa ranar da ya gama.

Wassalam.