Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Ƙwallon Amurka

Wani malamin firamare daga Gude, ƙaramar hukumar Kabo, yana tambaya: yaya zai koyar da ƙwallon Amurka ga yaran da ba su taɓa ganinta ba?

To malam, mun gode. Fara musu da langa. Yadda 'yan langa ke tare abokan karawa har ruwa ya je ya sha, haka ake buɗe wa mai riƙe da ƙwallo hanya. Da hannu ake gudu da ita. Dama 4 ake bayarwa a ci yadi 10; dama 4, yadi 10.

Amma don Allah kada yara su kayar da juna. A soke ƙyalle a ƙugu, wanda aka fizge nasa ya tsaya. Wannan samfurin na ƙyalle za a buga a gasar Olamfik ta 2028.